Rijiyar Tudun Marmara da Dokar Almakashi

To, ku gyara zama, tun da la'asar ta yi sanyi kuma ban ga mai sauri a cikinku ba. Ga wata nan na kawo muku, amma ba irin wadda ake ji a tashi a kakkaɓe riga ba ce. In na kai ƙarshenta ku za ku yanke hukunci, ni nawa ido. Wanda ya san ba ya son gardama ya kama hanya tun yanzu.

A wata jiha, ba sai na kama suna ba, akwai wani ƙauye da ake kira Tudun Marmara. Gari ne mai albarkar gero da gyaɗa, sai dai ruwansa nisa gare shi. Rijiya ɗaya tak kakanninsu suka bar musu, mai zurfin gaba ashirin da huɗu, ita ma wata damina ta rufta. Sai suka koma ga wani tafki a gabas da gari, su sha, dabbobinsu su sha. Kowace shekara tafkin nan sai ya ƙafe da wuri fiye da bara. In ya ƙafe, mata su fita da tuluna tun da sassafe, ba su dawowa sai azahar. Gidaje suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya, yau a ji wane ya koma wajen surukansa, gobe a ga an cire ƙyauren gidan wane an ɗora a amalanke.

A garin akwai wata tsohuwa, Inna Yalwa, ita ta fi kowa shekaru. 'Ya'ya bakwai ta haifa. Huɗu suna kwance a maƙabartar garin kusa da mahaifinsu, uku Allah ya raya mata. Nomau shi ne ɗan fari, ya yi boko har ya zama ɗan majalisar jiha. Lantana akawu ce a ofishin ayyuka a birni. Tanimu shi ne auta, bai shiga aji ba, ya gaji sana'ar ubansa ta haƙar rijiya. Duk sanda aka yi wa tsohuwar nan zancen tashi, amsarta ɗaya ce: «Ku tafi, Allah ya kai ku lafiya. Ni a nan aka kawo ni, a nan na binne nawa, a nan za a binne ni.» Kowa kuwa ya san ba faɗi kawai take yi ba. In gari ya watse, za a bar tsohuwa ita kaɗai a kan tudu ba ruwa.

Gwamnati ba ta taɓa cewa ba za ta haƙa musu rijiya ba. Ina, gwamnati ai ba ta iya cewa a'a ba. Shekara bakwai rijiyar nan tana cikin kasafi. Sau uku aka zo da motoci da makaɗa aka kafa harsashi, aka sari ƙasa da sabuwar diga, aka ɗauki hoto. Abin da yake faruwa shi ne, a farkon shekara sai a yi alkawarin abin da ya fi ƙarfin baitulmali, kafin tsakiyar shekara a ce asusu ya bushe. Masu baki a birni sun riga sun kwashe nasu cif, na ƙauye a ce su yi haƙuri sai baɗi. Ramin harsashin ma har akuya ta haihu a ciki.

Nomau ne ya ga abin ya ishe shi. Ya kawo wata doka gaban majalisa. Dokar ta ce a sa wa kashe kuɗi iyaka, kada ya wuce abin da ke shigowa. In aka wuce iyakar, a ba 'yan majalisa wata uku su zauna su zaɓi inda za a rage. In suka kasa daidaitawa, to ragi ya sauka da kansa a kan kowane aiki daidai wa daida, ba sa hannun kowa, ba a tsame kowa, abin da ya saura kuma a sake shi nan take ya isa inda aka nufa. Mutane suka sa wa dokar suna Almakashi. Shekara biyu yana fama kafin ta wuce, an zage shi, an yi masa barazana, abokai sun daina ɗaga wayarsa. Waɗanda suka sa mata hannu a ƙarshe sun yi ne don suna ganin ba ranar da za a bari ta yi aiki.

Sai ga ranar ta zo. Wata uku suka kusa cika 'yan majalisa suna ta musu, kowa ya rungume nasa. Ana saura kwana biyu wasu manya suka ja Nomau gefe.

Suka ce, «Ka tsame mana kuɗin motocinmu daga bakin almakashin nan, mu kuma mu tsame maka rijiyar garinku. Mun san halin da tsohuwarka take ciki.»

Nomau ya ce, «In na tsame tawa, kowa zai tsame tasa, mu koma inda muka fito.»

Almakashi ya sauka, ya cire ɗaya bisa biyar daga komai. Jam'iyyarsa ta sanar da shi kada ma ya wahalar da kansa neman tikiti a zaɓe mai zuwa. Amma a watan nan, karo na farko cikin shekara bakwai, kuɗin rijiyar Tudun Marmara ya fito, kashi huɗu cikin biyar, ba wanda ya iya taɓa shi a hanya. Ɗan kwangila ya zo da mahaƙa da siminti, aka ɗauki Tanimu a cikinsu, aka fara haƙa da gaske. Inna Yalwa takan sa a kai mata tabarma gindin wata tsamiya ta wuni tana kallon ƙasa tana fitowa.

Yanzu ga inda abin ya ba ni haushi, har yau in na tuna. Takardar aikin ta ce rijiya gaba ashirin da biyar. Da umarnin ragi ya isa ofishin ayyuka, malaman ofis suka ɗauki biro suka bi takardar layi layi, don haka suka saba aiki. Kujerun bikin buɗewa ɗari biyar, suka mai da su ɗari huɗu. Ragunan biki biyar, suka koma huɗu. Allon sanarwa aka rage masa faɗi, fenti aka rage masa gwangwani. Da suka zo kan zurfin rijiya, ko gezau, suka rubuta gaba ashirin. Kai da ka yi aikin gwamnati shekara talatin, na ga kana sunkuyar da kai, ka san ba ƙarya nake yi ba. Ba mugunta ba ce, a wurinsu sun yi adalci. Babu dai wanda ya tsaya ya tuna cewa ruwan tudun nan yana gaba ashirin da huɗu, kuma ba ya hawowa don an rage kasafi.

Mahaƙa suka kai gaba ashirin, ƙasa busasshiya ƙayau. Ɗan kwangila ya auna da igiya, ya ce aikinsa ya cika, ya kwashe kayansa. Mai gari ya tara jama'a a ƙofar fada, idonsa ya yi ja. Ya ce ya gaji da riƙe mutane da alkawari. Ranar da tafki ya ƙafe a bana, kowa ya ɗaura kayansa, gari zai tashi gaba ɗaya.

Nomau ya zo gida a makon. Ba wanda ya tarye shi, masu zama a bakin hanya suka kau da kai. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa ya gaishe ta. Kun san ba a hira da ɗan fari, ba a kuma kama sunansa, don haka ta dubi Lantana, wadda ita ma ta zo, ta ce, «Ki gaya wa wancan na ji an ba shi zaɓi, ya zaɓa. Allah ya sa shi ne daidai.» Nomau ya tashi yana share ido da hannun riga. Na tausaya masa a wannan rana, ba zan ɓoye muku ba.

Lantana ta bi shi zaure ta ce, «Yaya, ba ni dokar nan taka in karanta da kaina.»

Ta karanta ta daga farko har ƙarshe, abin da ko shugabanninta ba su yi ba. Can kusa da ƙarshe ta ga dokar ba ta ce a bi layi layi ba. Jimillar kuɗin kowane aiki ta ce a rage. Yadda za a raba abin da ya saura a cikin aikin, wannan yana hannun shugaban ofis. Ashe za a iya soke biki, a soke allo, a soke fenti, a mai da kuɗin cikin rami. Ta rubuta takarda ta kai. Matsalar ita ce shugaban ofishin mutum ne mai son biki, kuma mai ba da hayar kujeru da rumfuna surukinsa ne. Ya ce ta ajiye zai duba. Ga shekarar kuɗi tana dab da rufewa, abin da ba a kashe ba kuwa komawa baitulmali yake yi.

Lantana ta kafa ta tsare. Kullum in ta gama aikinta sai ta ɗauki kujera ta zauna a ƙofar ofishinsa da takardar a cinya. Ya fito ta miƙe ta gaishe shi, ya dawo ta miƙe ta gaishe shi. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. In baƙi suka tambaye ta me take jira, sai ta faɗa musu dalla-dalla cikin ladabi, har labarin ya zagaye ma'aikatar. Kwana goma sha tara tana haka. A na ashirin ya fito ya fizgi takardar ya sa hannu, ya ce, «Ga shi, kin samu. Ki shirya kayanki.» Kafin mako ya zagayo aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari a bakin iyaka, tafiyar yini guda daga mijinta da 'ya'yanta, ƙarin girman da take jira shekara shida kuma ya bi iska. Amma kafin ta tafi ta tsaya a kan mota aka loda zoben siminti da rodi na gaba biyar, aka kai Tudun Marmara. Kuɗin ya tsaya a nan, bai kai ga ladan mahaƙa ba.

Mahaƙan suka ce su ba sa shiga rami kyauta, kuma ban ga laifinsu ba, suna da iyali. Tanimu ya ce shi zai shiga. Mazan da suka rage a gari suka ce za su ja masa igiya. Gaba guda kacal ya haƙa ya tarar da dutse, baƙi, shimfiɗe daga bango zuwa bango. Diga ta karye, dagi ya lanƙwashe. Sai ya koma ga dabarar da ya gani wurin ubansa. A zura kara da itace a tara a kan dutsen, a cinna wuta ta ci har ya yi ja, sannan a kwara masa ruwa daga sama ya tsage. A ɗaura reshe mai ganye a igiya a yi ta zurawa ana jawowa har hayaƙi ya fita. A zura fitila, in ba ta mutu ba, mahaƙi ya sauka da guduma ya farfasa abin da ya tsage. Kowace wuta ba ta cin fiye da taƙi ɗaya ko biyu na dutsen.

Ruwan kwarawar kuwa daga tafkin nan ake ɗebo shi, wanda ƙafewarsa ita ce ranar tashi. Wato kullum aikin yana cin kwanakin da suka rage musu. Wasu suka fara gunaguni, suna cewa ana zubar da ruwan sha a rami. Inna Yalwa ta sa aka ɗauki randar ɗakinta aka kai bakin rijiya, ta ce a fara da nata. Daga ranar kowane gida yake kawo tulu ɗaya.

Kwana talatin da 'yan kai Tanimu yana wannan aiki. Tafin hannunsa ya ƙone ya warke ya sake ƙonewa. Da tafki ya koma taɓo, mata suna tace shi da gyale, sai ya fara gaggawa. Wata rana bai jira fitila ba ya sauka. Masu igiya suka ji shiru, suka jawo shi kansa yana reto, bakinsa da kumfa. Da ya farfaɗo uwarsa tana zaune a kansa.

Ta ce, «Auta, ya isa. Na fasa, zan bi su. Ban yarda in binne na biyar ba.»

Ya ce, «Inna, dutsen ya fara gumi. Na shafa da hannuna.»

Bayan kwana uku ya koma, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Dutsen ya ƙare a gaba ashirin da uku. A ƙarƙashinsa sai yashi mai laima, irin mai zubowa yana cike rami da zarar an kwashe, irin wanda ya ci tsohuwar rijiya. Nan zoben da Lantana ta kawo suka yi ranarsu. Aka riƙa zura su ɗaya bayan ɗaya, Tanimu yana kwashe yashi daga ciki suna nutsewa suna tare bango.

Ranar wata Alhamis tafki ya ƙafe ƙurmus. Mai gari ya cika maganarsa, ya ce a ɗaura kaya, Asabar za a tashi. Ranar Juma'a da hantsi, ana cikin ɗaure buhuna, masu igiya suka ji an girgiza ta sau uku. Suka jawo guga, sai ga shi da nauyi, yana ɗiga. Aka jawo Tanimu jiƙe har gwiwa. Bai iya magana ba sai tari, ya nuna ramin da yatsa ya zauna a ƙasa. Mata suka rangaɗa guɗa, maza manya suka yi ta kuka ba kunya, mai gari ya yi sujada a kan tsakuwa. Tanimu bai ƙara shiga rijiya ba har yau, ƙirjin bai bar shi ba.

Aka bar ruwan ya kwanta kwana biyu, aka aika wa Nomau da Lantana suka zo. Mutanen da suka kau da kai daga Nomau a da su suka tarye shi tun daga bakin gari. An kwance kaya, an mai da ƙyamare. Babu kujera ko ɗaya, babu allo, babu rago, kowa a tsaye a rana, kuma ban taɓa jin labarin taron da aka yi godiya irin ta wannan ba.

To, mutanen tudun nan suna da al'ada tun ta kakanni. Gugan farko na sabuwar rijiya a sabuwar ƙwarya ake zuba shi, a ba wanda ya fi kowa tsufa a gari, shi kuma ya miƙa wa mutum ɗaya da ya fi kowa haƙƙi a kan ruwan. Wanda ya sha, rijiya ta ɗauki sunansa har abada, a riƙa sa shi a addu'a duk sanda aka yashe ta. Ba a raba ruwan nan biyu, ba a zubar da shi, tsohon ba ya sha da kansa, kuma ba mai jefa guga sai an shanye. Aka cika ƙwarya aka ɗora a hannun Inna Yalwa, 'ya'yanta uku suna durƙushe a gabanta.

Nan gari ya rabu uku. Dattawa suka ce Nomau. Shekara bakwai ana yi musu rawa a kan rami, ba su ga ko buhun siminti ba sai da dokarsa ta tsaya. Gaba ashirin cikin ashirin da huɗu ta dalilinsa aka haƙa su. Da ya karɓi tayin manya, da kowa ya tsame nasa, da asusu ya sake bushewa kafin a zo kansu. Ya rasa kujerarsa, ya sha fushin uwarsa. Wasu suka ce an ji, amma almakashinsa ne ya tsai da rijiyar a busasshiyar ƙasa, har aka kusa rasa gari.

Mata suka ce Lantana. Mai dokar da kansa bai tuna da abin da ke cikinta ba, ita ta tono shi. Ba don zoben nan ba, da yashi ya rufe rijiyar da mahaƙin a ciki. Ta rabu da gidanta da 'ya'yanta, ga ta can bakin iyaka ba ranar dawowa. Wasu suka ce haka ne, amma da ba a saki kuɗin ba me za ta juya, kuma zobe ba ya fasa dutse.

Samari suka ce Tanimu. Doka da takarda duk a inuwa aka yi su, shi ne ya shiga inda fitila take mutuwa. Shi ya ba da hannuwansa da ƙirjinsa da sana'ar da yake ci da ita, ba a biya shi ko sisi a kan gaba huɗun ƙarshe ba. Wasu suka ce gaskiya ne, amma aikin da ya yi shi kaɗai daga gaba ashirin ya fara, ba daga doron ƙasa ba, kuma da ba a tare masa yashi ba da gawarsa za a jawo.

Inna Yalwa ta dubi wanda ya ƙi tsame rijiyar don kada a cuci kowa, ta dubi wadda ta zauna a ƙofar ofis kwana goma sha tara, ta dubi autanta yana danne tari don kada ta ji. Hawaye yana bin kumatunta, bakinta yana ta «Allah ya yi muku albarka, Allah ya yi muku albarka.» Rana tana ƙara zafi, yara sun fara kukan ƙishirwa, mata suna riƙe da gugansu a bakin rijiya, hannun tsohuwa kuma ya fara gajiya, ruwan yana neman zuba.

Ni a nan na tsaya, ban kai ƙwaryar bakin kowa ba. Ku da kuke zaune, in a hannunku take, kuma duka ukun ku kuka haife su, wa za ku miƙa wa: Nomau, Lantana, ko Tanimu?